Gwanin da Ya San Zafin Jikin Batir

A watan Maris, lokacin da rufin kwano ke ƙara saboda rana a Kafanchan, kowa na jiran ruwan fari, akwai wata cuta da ke kama wayoyi wadda take ɗaure wa mutane kai. Mutum zai jona wayarsa a caja, sai ta ƙi karɓar wuta, ta fito da rubutu cewa batir ya yi sanyi da yawa, an dakatar da caji. Sanyi a ina, mai wayar yana sharce gumi? Ya sauya caja, ya sauya igiya, ya kashe ya kunna, duk a banza. Ƙarshenta dai sai wurin mai gyara.

A nan ake gane wanda ya iya da wanda yake kan koyo. Wani zai ce batir ne ya mutu, a sayi sabo. Wani zai ce a yi wa wayar filashin. Gwani kuwa tun kafin ya kwance ta ya san inda zai dosa, domin ya san waya ba ta jin zafi ko sanyi da kanta. Wani ɗan mitsitsin abu ne, da ƙyar ido ke ganinsa, yake ba ta labari. Masu gyara suna kiransa tamista. Aikinsa tare wa wuta hanya: in ya yi sanyi ya matse hanyar, in ya yi zafi ya sassauta. To idan ƙafarsa ta tsinke, ko gumi da danshi suka cinye ta, wuta ba ta wucewa sam, ita kuma waya abin da aka koya mata shi ne rashin wucewar wuta alamar tsananin sanyi ce. In kuwa datti ko ɗigon dalma ya haɗe ƙafafunsa biyu, sai ta yi ta kukan cewa batir ya yi zafi, alhali ko ɗumi bai yi ba. Gwani na jin ƙorafin wayar ya san wanne ne ya faru cikin biyun.

A ganina wannan ilimi yana cikin mafi daraja da ke hannun masu gyaran waya da masu ɗinke batirin kwamfuta a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, kuma shi ne wanda aka fi rashin yaba musu a kai, don ba a ganinsa. Wanda ya sauya maka gilashin waya, kana gani da idonka. Wanda ya sa wayarka ta koma faɗin gaskiya game da zafin batirinta, kai dai ka ga tana caji.

Lambar nan da ke saman waya, kashi 63 ko kashi 12, ba auna ta ake yi kai tsaye ba. Babu wata hanya ta leƙa cikin batir a ga abin da ya rage. Lissafi ne. Akwai wani ɗan aisi, a cikin batirin ko a kan fanel ɗin wayar, wanda ba shi da aiki sai ƙididdigar wuta. Yana duban bolt ɗin batir, wanda a yawancin batiran litiyam yakan kai 4.2 ko ɗan sama in ya cika, ya sauko wajen 3 in ya kusa ƙarewa. Da yawansu kuma suna ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta hanyar wani rizisto mai ƙanƙanuwar turjiya da aka gitta mata a hanya. Sai ya haɗa waɗannan da abin da aka rubuta masa game da halin irin wannan batir, ya fitar da lamba. Kamfanin Texas Instruments na Amurka yana kiran dabararsa Impedance Track, kamfanin Maxim kuma, wanda Analog Devices ya saye a 2021, yana kiran tasa ModelGauge.

Duk wannan lissafi a kan zafi ya dogara. Batirin da ya yi sanyi, sinadaran cikinsa suna nawa, turjiyarsa ta ciki ta ƙaru, da an ja wuta sai bolt ya faɗi, ko da kuwa akwai sauran caji a ciki. Shi ya sa da asubahin hunturu, a gindin duwatsun Kagoro ko a kan hanyar Manchok zuwa Jos, tsohuwar waya takan mutu tana nuna kashi 20, in ta ji ɗumin aljihu ta farfaɗo. Batirin da ya yi zafi kuwa yana sakin wuta cikin sauƙi, amma yana saurin tsufa, musamman in ya daɗe a cike cikin zafin. Aisin da aka gaya wa zafin ƙarya, lissafinsa duka ya karkace: lamba za ta riƙa tsalle, daga 40 zuwa 15, ko ta maƙale wuri ɗaya.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce gobara. A 2006 kamfanin Dell ya janye batiran kwamfuta miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, bayan wasu sun kama da wuta. A shekarar da ta biyo, 2007, ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan, JEITA, tare da ƙungiyar masu ƙera batir ta ƙasar, suka fitar da ƙa'idar caji wadda yau masu ƙera aisin caji da yawa suke bi. Ta raba zafi mataki-mataki. Ƙasa da digiri 0 ba caji, domin litiyam yakan daskare ya zama ƙarfe a jikin batirin, ya lalata shi daga ciki. Daga 0 zuwa 10 a yi a hankali. Daga 10 zuwa 45 a yi caji sosai. Daga 45 zuwa 60 a rage bolt ɗin da ake cikawa. Ya haura 60, a tsaya cak. Mu a nan ƙasan matakalar bai cika shafar mu ba, samanta ne namu. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar masu cajin waya da tsakar rana, wayoyi jere a kan katako ƙarƙashin kwano, janareta na huci a gefe, ya san digiri 45 ba nisa gare shi ba. Abin da ke tsakanin waɗannan wayoyi da kumburin batir shi ne wannan ɗan tamista, da kuma ko gaskiya yake faɗa.

Asalin abin tsoho ne. Tun 1833 masanin nan na Ingila, Michael Faraday, ya lura cewa wani sinadarin azurfa yana ƙara barin wuta ta wuce in ya yi zafi, saɓanin ƙarfe. A 1930 Samuel Ruben na Amurka ya ƙera irin wanda za a iya sayarwa. Wanda ya fi yawa a batira yau shi ne mai kilo-om 10, wato turjiyarsa om 10,000 ce a digiri 25. Irin da aka fi sawa a batiran kwamfuta, a digiri 0 yana nuna wajen kilo 27, a digiri 45 ya sauko ƙasa kaɗan da kilo 5, a digiri 60 wajen kilo 3. Kusa da digiri 25, kowane digiri ɗaya yana sauya turjiyar da kusan kashi 4 cikin 100. Daga nan mai hankali zai gane abin da ya sa farashinsu ya bambanta. Tamistan da aka yi alkawarin kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, ɓatansa rubu'in digiri ne kawai. Mai kashi 5 cikin 100 kuwa zai iya kauce wa gaskiya da fiye da digiri ɗaya tun yana sabo.

Mai ƙera na'ura yana da hanyoyi uku na sanar da aisin zafi, kuma akwai aisi irin MAX17055 da ke karɓar kowace daga cikinsu. Ta farko, ya dogara da ma'aunin da ke cikin aisin kansa. Wannan ba ya buƙatar ƙarin kaya, ba waya, ba dalma, shi ya sa ake sonsa a na'urori masu araha. Yana aiki ne da wata ɗabi'a ta silikon, wato bolt ɗin mahaɗar tiranzisto yana raguwa da wajen milibolt 2 a kowane digiri. Ta biyu, tamista na waje, manne da jikin batir. Ta uku, babbar ƙwaƙwalwar na'urar ta auna zafin da wani ma'auninta, ta riƙa rubuta wa aisin. MAX17048, alal misali, ba shi da ma'aunin zafi ko ɗaya, sai abin da aka gaya masa.

Wacce ta fi? Wanda ya karanta takarda kawai zai duba wacce ce ta fi ƙarancin kuskure a rubuce. Wanda ya yi aikin da hannunsa ya san tambayar ba nan take ba. Ma'aunin cikin aisi zafin aisin yake aunawa. In aisin yana zaune a kan fanel kusa da aisin caji, ko kusa da ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar zafi lokacin kallon bidiyo, zai ce batir ya yi zafi alhali fanel ne ya yi. In kuma batirin ne ya fara ɗaukar zafi daga cikinsa, labari ba zai iso ba sai a makare. Nas ɗin da ke son sanin zazzaɓin yaro a hammatarsa take sa ma'auni, ba ta rataye shi a bangon ɗaki, komai tsadarsa. Tamista mai araha da ya kwanta a jikin batir ya fi ma'auni mai tsada da ke nesa da shi. Wannan shi ne gundarin sana'ar, kuma gwanayenmu sun san shi ko da ba su taɓa buɗe takardar wani kamfani ba.

Dubi yadda gwani yake yi da ƙaramin batir mai ƙafa uku. Ƙafa biyu na wuta ne, kowa ya sani. Ta ukun fa? Zai juya mitarsa zuwa ma'aunin turjiya, ya ɗora tsinke ɗaya a ƙafar, ɗaya a nagetif, ya karanta. Sa'an nan ya dunƙule batirin a tafin hannunsa, ko ya ɗan hura masa iska mai ɗumi daga nesa, idonsa a kan mita. In lamba ta fara sauka, daga kilo 9 zuwa 8 zuwa wajen 7, tamista ne kuma yana da rai. In ta tsaya ƙyam, to ko dai rizisto ne na shaida, wanda ke gaya wa waya irin batirin da aka sa mata, ko kuma batirin jabu ne da aka sa wa rizisto a gurbin tamista. Batirin Nokia BL-5C, wanda har yau yake cikin ƙananan wayoyi da rediyo da fitilu a kasuwanninmu, ƙafarsa ta uku ta shaida ce, domin Nokia a kan fanel take sa tamistanta, daf da mazaunin batir. Wanda bai san wannan ba zai jefar da lafiyayyen batir, wanda ya sani rabin ilimi kuma zai amince da jabu. Gwajin bai fi minti ɗaya ba, kayan aikinsa mita da tafin hannu.

Wayoyin zamani sun ƙara wa aikin wuya. A wasu tamistan yana cikin ɗan fanel ɗin da ke kan batirin, a wasu yana kan ƙaramin fanel ɗin bakin caji, inda ruwa da gumi suka fi shiga, a wasu kuma akwai fiye da ɗaya. Ba duka ne masu kilo 10 ba, akwai masu 47, akwai masu 100. Sau da yawa cutar sanyin ƙarya tana tasowa ne bayan an sauya fanel ɗin bakin caji da wani mai araha, wanda tamistansa bai dace ba ko babu shi sam. Gwani yakan auna na tsohon fanel kafin ya yar, ko ya ciro daga matacciyar waya irinta. Kwandon gawarwakin wayoyi da ke ƙarƙashin teburinsa taska ce.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓuya, kuma a nan na fi jinjina wa wanda ya gano shi. Tamista biyu za su iya zama duka masu kilo 10, mita ta nuna lamba ɗaya a kan tebur da safe, amma hanyarsu ta rabu in zafi ya hau. Abin da ya bambanta su wata lamba ce da ake kira bita, wadda ke nuna saurin saukar turjiya. Biyu da suka fi yawa su ne 3435 da 3950. A digiri 45 na farkon yana nuna wajen kilo 4.9, na biyun wajen kilo 4.4. Tazarar kamar ba komai. Amma in aisin da aka koya wa 3435 aka ba shi 3950, zai ɗauka an kusa digiri 49, ya rage caji tun lokaci bai yi ba, mai kaya ya dawo yana cewa batir ba ya cika. In aka juya, aisin 3950 aka ba shi 3435, batir yana digiri 50 shi yana ganin 46. Wannan ne mai haɗari, domin kuskuren ya karkata ta wajen sakaci, kuma yana ƙaruwa ne daidai lokacin da aka fi bukatar gaskiya. Ido ba ya raba su, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai wayoyi dogaye ana sa shi a leda a tsoma cikin ruwan ƙanƙara: mai 3435 zai nuna wajen kilo 27, mai 3950 ya haura kilo 30. Kofi ɗaya na ƙanƙara daga mai sayar da ruwan sanyi ya isa ya warware abin da takardar kasuwa ba za ta faɗa ba.

Masu ɗinke batirin kwamfuta da fawa bank su ne suka fi zurfi. Sukan fasa tsohon batir, su ciro ƙwayoyin nan masu lamba 18650, su ware masu rai, su sake haɗawa. A cikin batirin kwamfuta aisi irin bq40z50 yana iya karɓar tamista har huɗu, ban da na cikinsa: wasu na ƙwayoyin batir, wani na tiranzistocin da ke buɗe wuta da rufewa, don zafinsu daban ne, iyakarsu ma daban. Gwani kafin ya taɓa komai sai ya lura da inda kowanne yake kwance. In ya zo mayarwa, na ƙwayoyi yakan sa shi a jikin wadda ke tsakiya, inda zafi ke taruwa, ba ta gefe da ke shan iska ba. Yakan manna shi ya kwanta sosai, da gam mai ratsa zafi ko salatif ɗin nan ruwan zuma da ba ya narkewa, don iska tsakaninsa da batir ƙarya ce ke shiga. Ba ya bari ya taɓa ƙarfen da ke ɗauke da wuta. Ba ya daɗe da kan ƙarfen dalma a ƙafarsa, domin zafin dalma yana iya sauya halinsa har abada. Kuma ba ya yanke wayarsa alhali fanel na raye, saboda irin waɗannan aisi, in an saita su haka, da sun ga tamista ya tsinke sai su kulle kansu kulli na dindindin, wani lokaci har su ƙone fiyus ɗin da ke ciki. Ƙwayoyi sababbi fil, batir kuma ya mutu.

Dole a faɗi ɗaya gefen. Akwai gajeriyar hanya, kuma duk mai gyara ya san ta. A cire tamistan da ya lalace, a ɗora rizisto mai kilo 10 a gurbinsa. Nan take rubutun gargaɗi zai ɓace, waya ta karɓi caji, mai ita ya biya yana godiya. Daga ranar har ta mutu, wayar za ta riƙa ganin digiri 25, ko an bar ta a gaban mota da azahar, ko tana caji ƙarƙashin filo kusa da kan yaro. An kashe mai gadi ne don ya daina ihu. Ba na ganin wannan a matsayin gyara, kuma abin da ya sa nake girmama gwani shi ne ya fi kowa iya wannan dabara amma ya ƙi ta. Zai ce, “Mama, ki bar ta zuwa jibi, sai na samo irin nata,” ya san tana iya tsallaka titi wani ya yi mata a minti biyar. Kuɗin ranar ya tafi. Babu wanda zai taɓa sanin abin da ya hana faruwa.

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan hannu a Kafanchan. Tun da layin dogo ya mai da garin mahaɗa a 1927, inda hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos, gari ne na makanikai da masu aikin ƙarfe da waya. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koyar da matasa kwamfuta a Bayan Loko, ta kai intanet marar waya wurare da dama, kuma abokan gabarta a wannan aiki su ne zafi da ƙura da wutar da ba ta tsayawa. Har ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila wajen gwada wata kwamfuta mai suna Solo, mai cin wuta kaɗan, mai aiki da hasken rana. Darasin da aka koya a lokacin yana nan: na'urar da aka ƙera don ofis mai sanyi, in ta zo nan sai an sake tunani a kanta.

Yanzu fagen ya koma sola. Gidaje da coci-coci da masallatai da shagunan POS sun cika da batira, kuma maganar ita ce dai. Babban batirin ruwa mai bolt 12 ana cika shi zuwa wajen 14.4 a digiri 25, amma kowane digiri da ya ƙaru ya kamata a rage kusan milibolt 18, wani lokaci fiye, gwargwadon abin da mai ƙera shi ya ce. A ɗakin da ya kai digiri 40, wajen 14.1 ke nan. In ba a rage ba, ruwansa ya riƙa ƙonewa, farantansa su ci, kuma masu ƙera irin waɗannan batira sun daɗe suna cewa ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batir biyu. Kwantirolan cajin sola da yawa suna zuwa da wata 'yar doguwar waya mai tamista a bakinta, wadda akan bari a cikin kwali don ba a san amfaninta ba, wasu kwantirolan kuma in ba a jona ta ba sai su ɗauka digiri 25 ake ciki kullum. Mai haɗa sola da ya san aikinsa yakan manna ta a gefen batirin tsakiya, wajen rabin tsayinsa inda ruwa yake, ya rufe bayanta da ɗan soso don kada iskar ɗaki ta ruɗe ta. In kuwa maigida ya sauya zuwa batirin litiyam, sai ya dawo ya shiga saitin kwantirola ya kashe wannan ragin gaba ɗaya, domin litiyam ba a sauya masa bolt da zafi ta wannan hanya, fanel ɗin kariyar da ke cikinsa yana da nasa tamistan, shi ke yanke caji in zafi ya wuce iyaka.